Tarin Abdulƙahar

Shekarar da aka karya darajar sefa, wata malamar kimiyya ta buɗe ɗan ɗakin gwaji a unguwar Okala, tana son gano ko man da aka tace daga manja zai iya tafiyar da mota kamar gazuwal, wato man dizal. Ma'aikatanta biyu ne, dukansu baƙi a ƙasar: Chamsou, bakanike ɗan Maraɗi, mai kula da injin gwaji, da Abdulƙahar, Bakano, mai haɗa man.

Sukan zuba mai, su tada inji, su kara farar takarda a bakin salansa, su ga iya baƙin da za ta yi. Amma Abdulƙahar ba ya jiran takarda. In mai bai ƙone daidai ba, sai ya yi tari sau biyu, ya ce, "Chamsou, kashe. Wannan bai nuna ba."

Wata Talata Abdulƙahar bai zo aiki ba. Da azahar matarsa Iyatu ta shigo tana haki.

"Yaya Chamsou, jandarmomi sun tare motar da ya shiga a mahaɗar PK8. Katin zamansa ya ƙare."

Chamsou ya zaga ofisoshi huɗu, nasa katin a damƙe. Wani ya ce an sa waɗanda aka kama a jirgin ruwa zuwa Legas. Wani ya rage murya ya ce ɗakin da aka cusa su ba taga, kuma ba duka suka fito da ƙafafunsu ba.

Bayan mako uku aka koma aiki. Da hantsi Chamsou ya tada inji shi kaɗai, ɗakin ya cika da ƙamshin suya. Sai ya ji tari sau biyu a bayansa. Hannunsa ya kashe injin tun kafin ya waiwaya. Ba kowa sai kwalabe. Ya zaro takardar, baƙa ƙirin.

Haka abin ya riƙa faruwa, ran da man ya ɓaci kawai. Malamar har yaba masa ta yi, wai kunnensa ya san inji. Shi dai ya daina juya baya ga ƙofa.

Iyatu ta gaji da jira, ta kwashe 'ya'yanta zuwa Kano, ko ya riga su isa. Da damina wasiƙarta ta zo: "Bai iso ba. Mahaifiyarsa ta hana a yi zaman makoki."

Chamsou ya karanta a tsaye. Ran Juma'a ya sayi buhun shinkafa ya raba a ƙofar masallacin unguwar Alibandeng. Liman ya tambaye shi addu'ar mamaci za a yi ko ta matafiyi.

Chamsou ya naɗe buhun, sannan ya ce:

"Malam, a yi duka biyun."