Majinyacin Bayan Labule

A ɗakin tace hotuna marubucin ya gane cewa an yanke masa Yayansa.

Shirin na asibiti ne, ana nuna shi kowane mako a talabijin, kuma shi ke rubuta shi tun farawarsa. A kashin wannan mako ya saka wani majinyaci, direban bas mai ciwon ƙoda, wanda ya ɗauko daga rayuwar Yayansa marigayi. Kafin Yayan ya cika, ya bar wa matarsa saƙo ta isar wa 'ya'yansu, ita kuwa duk sanda ta buɗe baki sai kuka ya ci ƙarfinta. Marubucin kaɗai ta iya gaya wa. Shi ya yi mata alkawarin zai sa maganar a bakin ɗan wasa, yaran su ji ta daga kan gadon asibiti. Ya tsara fitowar da kyau: likitoci sun kewaye gado, sun yi tsit, suna saurare.

Abin da ke kan allo yanzu daban ne. Labule a ja, ƙafafun majinyaci sun leƙo daga gefe, a gabansu kuwa Likita Dogo, tauraron shirin, yana cacar baki da wata nas a kan wanda ya ƙi ɗaukar wayar wani.

"Ina majinyacina?" marubucin ya tambayi darakta.

"Ga ƙafafunsa nan, Malam. Kyawawa kuwa, sai da aka shafa musu mai."

Edita ya ƙunshe dariya, ya duƙufa kan na'urarsa.

"Wasa kake da ni? Mutum na mutuwa, kai kana nuna mana wanda ya yi fushi da budurwarsa?"

"Malam, lokaci ne ya matse mu, tasha ba ta yi wa kowa ƙari. Majinyaci baƙo ne, yau ya zo gobe ya wuce. Dogo kuwa namu ne har ƙarshen shekara, shi jama'a ke zaman jira."

"To ku cire asibitin daga sunan shirin, ku ce Soyayya a Gefen Gawa! Farar riga kawai kuka ara. Cuta a wurinku ado ce, kamar fulawar kan tebur."

"Allah ya huci zuciyarka. An dai riga an aika wa tasha."

Ya fita bai yi sallama ba. A hanya yana tafe yana tafasa, sai dai rabin fushin da kansa yake yi. Wa ya aike shi ya ɗauki amanar mamaci ya kai hannun masu ƙidayar masu kallo?

Da yamma ya isa gidan Yayan da niyyar faɗin gaskiya kafin shiri ya fara. Ya tarar falo a cike. Babban ɗan marigayin, wanda ya riga ya zama magidanci, yana daka wa ƙannensa tsawa su matsa daga gaban akwatin.

"Baffan yara, ka zo a kan gaɓa," in ji matar Yayan, tana nuna masa kujerar marigayi. "Zauna. Yau ranarka ce."

Ya zauna, ya gyara murya zai fara bayani. Sai kiɗan shiri ya tashi.

Aka zo wurin. Labule, ƙafafu, Dogo da nas suna ta sa-in-sa. Can ƙasa-ƙasa, a bayan hayaniyarsu, ana jin muryar majinyaci yana cewa wani abu da ba a fahimta, har muryar ta ɗauke. Marubucin ya sunkuyar da kai, yana jiran abin da ya cancanta.

"Haka kuwa aka yi," in ji matar. Wannan karon kuka bai ci ƙarfinta ba. "Wallahi haka aka yi! Ranar da Yayanka ya cika, ma'aikatan asibiti biyu ne a tsaye, suna hirarsu, ina kira ina ƙara kira, ko waiwaye. Ni kaɗai ce a bayan labulen nan da shi." Ta juyo ta dubi marubucin. "Da ka karanta mini fitowar da ka rubuta, mai likitoci a kewaye da gado suna saurare, shiru kawai na yi maka don kunya. Wane likita?"

Ta miƙe ta kashe akwatin. Ta tsaya a gaban babban ɗanta, wanda ke zaune a kan kujera, ta kama kafaɗarsa.

"Ubanku ya ce in gaya maka ka daina ɗaga wa ƙannenka murya. Ya ce a wurinsa ka koya, kuma da nadamar haka ya tafi. Ya ce kada ka bari su ji tsoron sallamarka kamar yadda kuka ji tsoron tasa."

Babban ya dubi ƙannensa da ke takure a ƙasa, sannan ya zame daga kan kujera a hankali ya zauna a cikinsu.