Tsatsar Tagulla a Ƙafar Yaya

Shekara tara Malamin Kimiyya ya yi yana rubuta littafinsa na tarihin magani bayan ya yi ritaya. Kowane babi yakan soma da abin da mutanen zamanin da suka yi imani da shi, yadda suke duba taurari kafin su tsaga ƙurji, da abin da suke shafa wa miki. Sai a ƙarshen babin ya warware, ya nuna inda suka dace da inda suka kashe mutane da kyakkyawar niyya. Farkon ya zuba masa gishiri don ya ja mai karatu. Ya kuwa ja shi, sai dai a nan mai karatun ya yi zamansa.

Mai fotokwafi na bakin titi ne ya fara buɗe masa ido.

"Malam, littafinka ya karɓu! Babi na shida kaɗai na buga ya fi sau ɗari."

"Babin shafi goma sha ɗaya ne. Ni huɗu nake gani a nan."

"Ai nan maganin ya ƙare. Sauran surutu ne, ba mai tambaya."

Malam ya haɗiye takaici ya wuce gidan yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ciwon suga ya daɗe yana cin ta, ga wani ɗan miki a babban yatsan ƙafarta da ya ƙi warkewa.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare shi. Tana zaune a gado, ƙafar naɗe da tsumma, kwalin magungunan asibiti a kan taga ko buɗe shi ba a yi ba. Kusa da filo ga shafi huɗun nan, sun yi baƙi don shan hannu.

"Auta, shigo ka ga aikinka," in ji ta da fara'a. "Sati uku ke nan ina yi. Tsatsar tagulla da ruwan tsami, safe da yamma. Yanzu ko zafi ba na ji."

Ya durƙusa ya kwance tsumman. Yatsan ya zama gawayi, baƙin ya fara haurowa.

"Yaya, a shafi na tara na ce wannan abin bai hana ƙafa ruɓewa ba! Na ce ya kai mutane kabari!"

"Kai da hannunka ka rubuta shekara dubu suna yi. Abin da ba ya aiki, wa zai yi shi shekara dubu? Ni dai da na ga sunanka a kai, hankalina ya kwanta."

Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Da wani boka ne ya ba ta, da ta yi masa dariya. Matar da ko ganyen shayi sai ta tambayi inda aka samo shi, ita ce ta miƙa ƙafarta don ƙanenta mai ilimi ne ya faɗa.

A asibiti likita ya duba, ya dubi Malam, ya ce sai dai a yanke daga idon sawu. Aka yanke washegari da hantsi.

Da ta farfaɗo, ta sami Malam a kujera ya haɗa kai da gwiwa. Ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa. Ya ɗago yana jiran ta zage shi, har so yake ta zage shi.

"Haba Auta, daina kuka, ka girma. Ba laifin littafinka ba ne. Tagullar ce jabu, tun farko na yi zargi."

Ta jawo shi kusa, ta rage murya don kada nas ta ji.

"Ka samo mini ta gaske. Ɗayar ƙafar ma ta fara ƙaiƙayi."