Wardin da Ya Ƙi Bushewa

Ɗakin da muke ja-in-ja a kansa bai taka kara ya karya ba. In ka buɗe hannu biyu ka kusa taɓa bango da bango, ƙofarsa kuma sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Amma nawa ne. A ciki nake zanen furen wardi da fentin mai tun da na ajiye aiki a masaƙar atamfa, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina zana furen da wasu suka zaɓa, da launin da wasu suka zaɓa, a yi ta maimaita shi a yadi har ido ya gaji. Yanzu ba mai cewa in ƙara ja ko in rage kore.

Babban ɗana, wanda kowa ke kira Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon mahaifinsa ya kasa mayarwa, ya dawo gidan da matarsa da jaririyarsu bayan rasuwar maigidana, wai don kada in zauna ni kaɗai. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Matarsa, da har yau muke ce wa Amarya, yarinya ce mai ladabi, tsabta kuma kamar ta wanke ruwa. Matsalar ita ce daga gida Injiniya yake aiki. Kullum yana teburin cin abinci da kwamfuta, abin sauraro a kunne, yana cewa “ku yi haƙuri” ga mutanen da ba na gani, jaririya na tsala ihu a bayansa. Na san ofis yake buƙata. Na kuma san inda idonsa yake.

“Mama,” ya ce wata safiya, yana tsaye a bakin ƙofata yana sosa ƙeya, “ɗakin nan fa...”

“Me ya same shi?”

“Ba abin da ya same shi. Na ce ko za a mayar miki da kayan zanen baranda? Akwai iska, warin man nan ma ba zai dame ki ba.”

“Wa ya ce maka ya dame ni?”

Ya yi dariyar yaƙe. Na nuna masa ƙyallen da ke jingine a kan katakon zane, wardi ja guda uku a cikin tsohon kofin tangaran. “Ka ga wannan? Ɗanye ne. Fentin mai ba ya son a motsa shi, ƙura kuma in ta hau shi ta zauna ke nan har abada. Ka bari ya bushe, sai mu yi magana.”

“Yaushe zai bushe?”

“Ba ya shawara da ni.”

Gaskiya na faɗa masa, amma ba duka ba. Fentin mai yana ɗaukar lokaci, musamman inda aka yi masa kauri. Sai dai wanda ya san hannunsa ya san yadda zai hana shi bushewa. Kowace safiya nakan tsoma buroshi a mai, in kankare ganyen fure ɗaya da wuƙar fenti, in sake shi sabo. Yau na dama, gobe na tsakiya. Furannin da na fara dubawa sun daɗe da zubewa a shara, na sayo wasu wurin mai furanni na bakin titi, su ma suka bi sahu, amma na kan ƙyallen kullum sheƙi suke kamar yanzu aka tsinko su. Injiniya ya ɗauki ɗabi'ar shigowa ya ɗora ɗan yatsa a gefen zanen, ya duba yatsan, ya dube ni. Ni kuwa in sha mur in ci gaba da goge buroshi.

Da suka ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai suka sauya salo. Amarya ta shigo da wani ƙaramin akwati a nannaɗe, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

“Mama, ga wannan. An ce shi ba ya wari, ba ya kuma buƙatar bushewa. Ko a ina za ku iya yi.”

Allin fastel ne, launi-launi a jere, masu laushi, irin masu kyau. Na gane tarko ne, amma tarkon ya yi kyau. Na yi shekaru ban taɓa fastel ba, kuma hannu ba ya jin maganar zuciya in ya ga irin wannan. Washegari da hantsi na tsinci kaina a baranda, a teburin da suka riga suka shirya mini, ina zana farin wardi a takarda mai kaushi.

Farin wardi ba fari ba ne, wannan shi ne abin da mutane ba sa yarda. A cikinsa akwai toka, akwai ruwan ƙwai, can ƙasa inda ganye ya rufe ganye akwai wani kore-kore da sai ka daɗe kana kallo kake ganinsa. Fastel kuwa gari ne kawai a kwance a kan takarda, babu abin da ya riƙe shi. Da ɗan yatsa kake murza shi, da numfashi kake iya ɓata shi. Na kwana biyu a kansa, kuma na rantse ban yi abin da ya kai shi kyau ba tun da na fara. Na bar shi a teburin, na ce sai na samo maganin feshin da ke kama allin, sannan a sa shi a gilashi.

Da na dawo daga shagon, na tarar da Amarya tsaye a baranda, tsumma a hannu, ta yi tsuru-tsuru. Ta ga gari a kan takardar da kewayenta, ta ɗauka ƙura ce ta hau zanen Mama. Ta jiƙa tsumma ta share, sau ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Inda furen yake babu komai sai wani dogon shafe mai launin ruwan wanki.

“Mama, wallahi ban sani ba. Na ga ƙura ce, na ce kafin ku dawo...” Sai hawaye.

Raina ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai, har sai da na dafa teburin. Amma ba da ita nake ba. Wanda bai san fastel ba, me zai gani in ba ƙura ba? Na ce ta tashi, ta daina kuka, ba laifinta ba ne. A nan ne Injiniya ya leƙo, abin sauraro rataye a wuya, ya dubi takardar ya ce, “Ayya. To Mama ai sai ki sake wani. Ba fure ba ne? Duk ɗaya ne.”

Ɗan da na goya, na yi wa tsarki, na zauna a bencin asibiti dominsa, shi ne yake ganin abin da nake yi da ragowar kwanana wasan yara ne da ake ba tsohuwa don ta yi shiru. Na kwashe allina na koma ɗakina, na ɗaga ƙofa da gwiwa na rufe. Ranar na sabunta ganye biyar a zanen mai.

Shi ma ashe ya ƙulla tasa. Ranar da na je ganin likitan ido, wanda shi da kansa ya nema mini, na dawo da yamma na ji gidan yana warin wani fenti da ba nawa ba. Kayana duka suna baranda, an jera su tsaf, an lulluɓe da tsohon zanin gado. Zanen wardin yana jingine da bango, da sawun babban yatsa a kusurwarsa ta sama. Ɗakina kuma wayam. An kawo mai fenti ya shafe bangon fari fat, har tabon da na yi shekaru ina goge buroshi a gefen taga ya tafi.

“Mama, ki yi haƙuri,” in ji Injiniya, bai yarda mun haɗa ido ba. “Na ga in ana jira ba za a taɓa yi ba. Gobe da safe zan ɗauko kafinta ya auna wurin tebur da kanta. Za ki saba da barandar, wallahi ta fi.”

“To,” na ce.

Ya yi mamakin wannan “to” ɗin, ya kuma ji daɗinta. Da ya san ni kamar yadda mahaifinsa ya san ni, da a nan hankalinsa zai tashi. Na tsaya a bakin ɗakin ina kallon bangon. Na shafa shi da tafin hannu. Mai fentin ya iya aikinsa: sumul, ba ƙuraje, ya sha ya bushe. Duk rayuwata ban taɓa samun farin fili mai girman wannan ba.

Da safe, motar Injiniya na fita, na fara jido. Fenti, mai, buroshi manya da na daɗe ban yi amfani da su ba, akwatin fastel, da kujerar katako daga teburin cin abinci. Amarya ta fito da jaririya a kafaɗa, ta ga abin da nake yi, ta buɗe baki.

“Mama, me za ku...”

“Ki ɗauko mini wardin da ke cikin kofi. In kina tsoro, ki ce ba ki gan ni ba.”

Ta waiga wajen ƙofar gida. Sannan ta je ta ɗauko, ta ajiye a kan taga, ta ƙara musu ruwa ma.

Da fastel na fara, na ja layin reshe daga ƙasan bango har sama da kaina, na fitar da da'irar furanni, kowanne ya fi faranti girma. Sannan na matse ja mai duhu, na sirka da mai, na shiga cike zuciyar na farko. Bango ba ƙyalle ba ne, yana shan fenti da haɗama, sai na yi ta ƙara masa. Fentin ya gangaro ta gwiwar hannuna, ya ɗiga a siminti, ko a jikina. Da na gama na ƙasa na hau kujera. Na ji tsoro sosai, don na san in na faɗo ba tashi zan yi da kaina ba. Ban sauko ba.

Ina kan fure na uku na ji muryoyi a tsakar gida. Kafinta ne ya fara shigowa, awo a hannu. Ya ɗaga kai, ya sauke, ya waiwaya ya ce wa Injiniya, “Ranka ya daɗe, a nan za a kafa kantar?”

Injiniya ya turo kai ta bayansa.

“Mama! Me ke nan? Jiya fa aka yi fentin nan!”

“Na gani. Ka gode wa mai fentin, ya yi mini shimfiɗa mai kyau.”

“Haba Mama, don Allah. Wannan wane irin abu ne? Ki sauko mu yi magana.”

“Mun yi magana. Ka kwashe ƙyalle, ka kwashe katako. To ga wannan, ɗanye ne shi ma. In ka iya, ka ɗauke bangon ka kai baranda.”

Kafinta ya yi tari, ya ce bari ya duba wani abu a waje. Na juya ga aikina. Akwai wani ganye can sama da ya kamata ya lanƙwaso, sai na yi ɗage na miƙa buroshi, kujerar ta karkata, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Amarya ta yi salati. Ban faɗi ba. Da na duba ƙasa, Injiniya ne durƙushe, ya rungume ƙafafun kujerar da hannu biyu, jan fenti yana ɗiga a farar rigarsa. Fuskarsa ta koma irin ta lokacin da yake ƙarami in ya farka bai gan ni ba.

“Mama, za ki kashe ni,” ya ce a hankali. “Ki sauko.”

“Sai na gama wannan.”

“Yaushe za ki gama?”

“Riƙe da kyau,” na ce. “Kai, da hannu ɗaya ma za ka iya. Miƙo mini farin can.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki hannu ɗaya, ya laluba a cikin fentin, ya miƙo.