Tukunyar Sarah a Ƙofar Baba Emenike

"Ajiye ta nan, 'yata, gefen kujerata," in ji Baba Emenike, yana nuna dakalin ƙofar gida da sandarsa. "In kin dawo ba ki same ta ba, ki ce ban haifu ba."

Sarah ta dire sabuwar tukunyar da ta sayo a kasuwar Sabon Gari, ta karkaɗe hannu. Mijinta Shekari ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara biyu ke nan yana koyarwa a Samaru, yana raɓe a ɗakin abokinsa, iyalinsa na can Zonkwa. Hayar Samaru kuwa ɗalibai sun ɗaga ta har ta fi ƙarfin albashin malami. Sai da takalminsa ya suɗe kafin ya samu wannan ciki da falo a Dogarawa, ga rijiya a tsakar gida, ga sauƙin kuɗi. Ya kawo Sarah ta gani ta yaba, sai ga ta da jarrabawa.

"Baban Kevin, araha ba ta ado," ta ce. "Sati guda za ta yi a nan. Unguwar da tukunya ba za ta kwana a waje ba, 'ya'yana ba za su kwana a cikinta ba."

Baba Emenike ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Tsohon mai gyaran keken ɗinki ne, a ɗakin farko na gidan yake zaune shi kaɗai, 'ya'yansa sun watsu a Kudu. A Sabon Gari aka binne cibiyarsa. In aka ce Hausarsa kamar jakin Kano, sai ya ɓata rai ya ce shi Bazazzagi ne.

"Kin ga kujerar nan? Tun kaina na baƙi take kwana a waje, ba sarƙa ba kwaɗo." Ya gyara kumburarrun ƙafafunsa. "Ni dai ku yi sauri. Gidan nan ya kwana biyu bai ji hayaniyar yara ba. Gwaibata har ruɓewa take yi, ba mai sata."

Ranar Asabar ta sama, Shekari bai jira sakamako ba. Ya ɗauko a-kori-kura, aka labta mata katifu, buhun masara da kejin kaji. Sarah ta yarda ta shiga ne bisa sharaɗi ɗaya: ba tukunya, ba sauke kaya. Tun daga Zonkwa yara ke waƙar coci, Shekari na amsa musu da muryarsa mai kama da ta tsohon zakara. Da suka shigo unguwar PZ, ɗansu Kevin ya shiga karanta allunan shaguna da ƙarfi, ƙanwarsa Lovelyn na tambayar ko duk waɗannan motocin na mutum ɗaya ne. Murna ta cika Shekari, har ya fara lissafin inda zai kafa ƙusar rataye hoton aurensu.

A ƙofar gidan suka tarar da rumfa da kujerun roba. Shekari ya ɗauka biki ake yi. Idon Sarah kuwa dakali ya nufa. Ga kujerar katako nan ba kowa a kai. Tukunya babu.

"Direba, kada ka kwance igiya," ta ce.

Shekari ya hango kansa ya koma ɗakin abokinsa, yana jin muryar 'ya'yansa ta waya kawai.

Wata mata ta fito daga zaure da baƙin ɗankwali, idanunta jawur. Busola ce, tela mai ɗakin tsakiya, wadda ke kai wa tsohon koko kullum.

"Maman Kevin, sannunku da hanya," ta ce. "Baba ya tafi. Shekaranjiya da safe, a kan kujerar nan. Na kawo masa koko, na ɗauka gyangyaɗi yake yi."

"Wayyo Allah," in ji Shekari. Ya cire hularsa.

"Kullum sai ya goge wa tukunyarki ƙura da hankicinsa. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, 'Ta baƙina ce, suna tafe da yara biyu.'" Busola ta share ido da bakin zani. "Abeg, kada ki ji haushi. A layin nan in an yi rasuwa, kowane ɗaki babbar tukunyarsa yake fitarwa. Muka zo kan ɗakinku, a kulle. Hajiyar gidan can ta ce, ai ga tasu a waje, 'yan gida ne, a ɗora."

Sarah ta wuce ciki, Shekari na biye da ita yana addu'a a zuci, don ya san matarsa ko cokali ba ta ba da aro da daɗin rai.

A tsakar gida an jera murahu ƙarƙashin bishiyar gwaiba. Mata na ta aiki, masu hijabi da masu ɗaurin gwaggwaro, hayaƙi na sa su hawaye iri ɗaya. Can a ƙarshen layi sabuwar tukunyar na tafasa, gindinta ya yi baƙi ƙirin. A jikin murfin an rubuta "Maman Kevin" da jan farce.

Sarah ta daɗe tana kallon rubutun. Sannan ta ajiye jakarta, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta buɗe murfin.

"Wa ya cika wa shinkafar nan ruwa haka? Miƙo min ludayi." Ta waiwayo. "Baban Kevin, tsayuwar me kake yi? A kwance igiya mana."

Samarin layi suka yi caa a kan mota, kafin la'asar katifu sun shige ɗaki. Shekari ya yi wa 'ya'yan mamacin gaisuwa, ya fito ƙofa. Daɗi da baƙin ciki suka haɗe masa, ya bar hawaye suka zubo.

An wanke tukunyar, an kife ta a dakali inda take da. Lovelyn ta haye kujerar Baba Emenike, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, tana lilo da su tana gatsar gwaiba.