Fim na Minti Bakwai

Tun da ƙaninsa na Salaga ya ba shi labarin wani gajeren fim da ke yi wa masu kwaɗayin saye-saye ba'a, wai su ke ɗumama duniya, Wahabu ya kasa sukuni. Da ƙyar ya gano shafin intanet ɗin da ake kallonsa, amma tsohuwar wayarsa ta ƙi buɗewa. Sai ya aika Bawku aka sayo masa sabuwa, da lasifika, har da ɗan janareta.

Ranar kallo hayaƙin janareta ya turnuƙe gidansa na Yendi. A fim, ga wani gaula zaune cikin kwalaye da ledoji yana sharce gumi. Wahabu ya tuntsire da dariya.

Matarsa Karimatu ta ture kwalin janaretan da ƙafa.

"Maigida, yaushe suka zo suka ɗauke ka a kyamara ban sani ba?"