Farin Dutse a Akurkin Hajjo

Har yau akwai masu cewa sakarcin Hajjo ne ya jawo, kuma wallahi duk wanda ya faɗi haka a gabana sai ya ji babu daɗi. Ni ce maƙwabciyarta a Figil, zana ɗaya ya raba mu, da idona na ga abin.

Mijinta Wada mahauci ne a Garwa kafin tari ya kwantar da shi. Suka tattaro komatsansu suka dawo gidan ƙaninsa a nan, shekarar da Ahijo ya sa aka yi ƙuri'ar haɗe ƙasa. Mutumin da ke saɓa cinyar bijimi shi kaɗai ya koma sai an tashe shi zaune. Abinci kuwa ya ƙi shi ƙememe. In Hajjo ta kawo kunu sai ya juya wa bango fuska.

Ana tsakiyar damina shaho ya sure musu kaza, ta bar 'yan tsaki ko fiffike ba su yi ba. Wada ya ce a miƙo masa su. Ya zuba su cikin rigarsa, suka lafe a ƙirjinsa. To, ikon Allah! Sai ya riƙa barbaɗa musu dusa a tabarma, suna tsattsaga, shi kuma yana kurɓar kununsa yana yi musu faɗa. Na shiga wata safiya na tarar ya share kwano tas.

Na ce, "A'a, Malam Wada, ashe renon jikoki aka samu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Hajjo ta bi ni waje tana share hawaye, ta ce, "Dela, muddin suna nan zai ci."

Sai ga Madam Rosalie, ma'aikaciyar dispansar da ke zuwa yi masa allura. Tana ganinsu ta riƙe baki. "Kaji a ƙirjin mai tari? Ku fitar da su yau ɗin nan!" Gaskiya ta faɗa, ban taɓa ganin laifinta ba.

Da ta tafi Wada ya ce, "Sanyi zai kashe su, Hajjo."

"Ba zai kashe su ba, Malam. Ka bar mini."

Ta kafa akurki daf da ƙofar ɗaki, ta naɗe asabari sama don ya riƙa jin kukansu. Kaskon wuta ba ta yarda da shi ba, ta ce hayaƙi na shaƙe su. Dabarar uwarta ta yi, irin ta mutanen bakin Binuwai: a gasa dutsen kogi a murhu, a naɗe a tsumma, a sa a akurki, tsaki su kwanta a jikinsa. Nan ba kogi, sai ta fita bakin hanya ta tsinto fararen duwatsu da ke zubowa daga kamiyo, manyan motocin kayan nan.

Kowane ɗan Figil ya san dutsen nan. Gasasshe ne, da shi ake farar ƙasa, kuma ruwa na taɓa shi yake tafasa. Amma wa ya gaya mata? Baƙuwa ce, ga su ƙunshe cikin tsumma, ko ni da ke leƙa akurkin kullum ban gani ba. Kwanakin da ba ruwa lafiya lau. Tsaki na kuka, Wada na ci.

Ran nan bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Hajjo ta sabunta musu duwatsu, ta rufe akurki da tsohuwar tabarma, ta shiga ɗaki don tari ya taso wa Wada. Ruwa ya ɓarke, ya malale tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin akurkin.

Salatinta na ji, na faɗa gidan a guje. Tururi na tashi. Duwatsun sun farfashe sun zama farin taɓo suna zaɓalɓala, 'yan tsakin kuma sanyi ya sa duk sun haye kai. Wayyo Allah! Hajjo na durƙushe tana tsamo su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba ya motsi. Da ƙyar na janye ta na dulmiya hannuwanta a randa, fatar duk ta saluɓe.

Ta ɓoye hannuwan cikin zani ta shiga ɗaki, na tsaya a bakin ƙofa.

Wada ya ce, "Ban ji su ba."

"Ruwa ne a kan kwanon rufi, Malam, shi ya hana ka ji."

Ya gyaɗa kai. Ban taɓa roƙon Allah ruwa ya daɗe ba sai ranar. Amma ya tsagaita, ya ɗauke ɗif. Wada ya karkata kunne wajen ƙofa, ya daɗe a haka. Sannan ya dubi zanin da ta ƙunshe hannuwanta.

Ni na dama kunu, amma ta ce ita za ta kai. Ta tallafe kwanon da tsintsiyar hannu ta durƙusa gabansa. "Don Allah, Malam, ko kurɓi ɗaya."

Ya ce, "Sauke asabarin, Hajjo." Ya juya wa bango fuska.

Kafin gero ya nuna aka kai shi makwancinsa. Hannuwanta ba su ma warke ba, ni na ɗaura mata zanin takaba.