Filin Bakin Teku

Bayan girgizar ƙasa ta rushe rabin ƙauyen, mutane suka taru don zaɓen inda za a kafa tantuna. Tsohuwa Leimara ta riga kowa magana.

"Ga filinmu na bakin teku, babu ginin da zai faɗo wa kowa."

Ƙaninta Kalorib ya ce, "Haba Yaya! In teku ta taso, kifaye za mu zama? Makiyayar kan tudu ta fi, ga idon ruwa kusa."

Aka yi dariya, ita ma ta murmusa, don ta san gaskiya ya faɗa. Sai dai a gefen filin nan kabarin mijinta yake, can take zama kullum da safe tana gogar kwakwa, tana ba shi labarin jikoki.

Suka hau tudu. Daga can ba a hango kabarin, sai kawunan bishiyoyin kwakwa. Da samari suka zo kafa tantinta, suka ce a juya wa teku baya saboda iska.

Ta ce, "Ku bar ƙofar ta kalli can, 'ya'yana. Sanyi ba zai kashe ni ba."